Wanda zai keta iyaka ya fara da jikinsa

Jama'a, yadda muke kallon masu nuna fasaha da jikinsu a nan Legas yana damuna. Da mun ga mutum ya shafe jiki da jan fenti, ya naɗe kai da tsumma ya shiga tsakiyar titi, sai mu ce taɓin hankali ne ko tsafi. Amma yaron da ya ɗauki waya ya je ya firgita mai gadi don a yi dariya, shi muke tura wa juna a WhatsApp.

Ku dubi Jelili Atiku, mai nuna fasaha da jikinsa, ɗan Ejigbo ta nan Legas, wanda ya yi karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A watan Janairun 2016 ya fito titin garinsu cikin shiga mai ban tsoro, yana wasa a kan zalunci da ta'addanci. Bayan kwanaki kaɗan aka kama shi, aka kai shi gidan yarin Kirikiri, sai a watan Yuli aka janye tuhumar. Kafin shi, a 1979, mawaƙi Fela Kuti ya ɗauki akwatin gawa ya kai ƙofar Barikin Dodan, fadar gwamnatin soja ta lokacin, saboda mahaifiyarsa da ta rasu bayan sojoji sun jeho ta daga taga a 1977. Su biyun sun keta iyaka, babu musu. Amma sama suka nufa, wajen masu iko, kuma wuyansu suka miƙa.

Mu ma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Ɗan kama yakan naɗa rawani ya zauna kamar shehin malami, ya buɗe baki yana wa'azin tuwo da miya, malaman ma su yi dariya. A tashe yaro yakan manna gemun auduga ya kwaikwayi tsoho a gaban tsofaffi, abin da a wani watan zai jawo masa bulala. Ɗan tauri kuwa cikinsa yake ɗora wa wuƙa, bai taɓa ɗora ta a cikin ɗan kallo ba.

Ba kowane wasa zan tsaya in kalla ba. Tsiraici dai addinina da tarbiyyata sun raba ni da shi. Duk da haka, Marina Abramović, wata Baturiya mai irin wannan fasaha, da ta tsaya awa 6 a gaban 'yan kallo a birnin Naples na Italiya a 1974, ta ajiye abubuwa 72 a tebur har da bindiga da harsashi, ta ce a yi mata abin da aka ga dama, ita aka yaga wa tufafi, ita aka yanka. Abin da ya fito fili halin 'yan kallo ne.

To ina wannan, ina abin da ake yi wa mutanenmu a Agege da Obalende? Na kalli wani bidiyo, saurayi ya sha shayi ya faɗi yana shure-shure kamar an ba shi guba. Mai shayin, dattijo ne, ludayi a hannu, jikinsa na ɓari, yana ta "wallahi ban sa komai ba" da Hausar da babu mai ji a wurin. Kowa ya san abin da taron jama'a kan yi wa baƙo a garin nan kafin 'yan sanda su iso. Ba a nemi izininsa ba, kuma gobe da asuba shi zai koma teburin nan, a gaban mutanen da suka ji an kira shi mai guba.