Yadda Na Yi Sadakar Gari a Gaban Mutum Sittin

Tunda yanzu duk wanda ya ga dama sai ya ba da labarin nan har da ƙarin gishiri, gara in faɗe shi da bakina. Kuma tun farko a sani, ban yi kuka ba. Hayaƙin janareta ne ya shige mini ido.

An shiga hutun wasannin ƙasa da ƙasa, babu Firimiya babu Laliga, gidan kallon unguwarmu ya zama wurin barcin akuyoyi. Sai na ce wa mai gidan ya ba ni aron majigi da bencina na yini ɗaya in haɗa gasar Civilization VI, wasan kwamfuta ne da kowa ke ɗaukar ƙasa ya gina ta tun daga zamanin da, mu raba kuɗin ƙofa. Ya ce wace ƙasa da wace ƙasa? Na ce duk duniya. Ya ce to. Na sayo kofi a kasuwar Sabon Gari, irin mai ɗan ƙwallo a tsaye a kansa, don shi kaɗai na samu. Na sa aka rubuta a allon ƙofa da farin alli: YAƘIN DUNIYA KAI TSAYE, DAGA KIBIYA ZUWA NUKILIYA, BAYAN LA'ASAR ZUWA ISHA'I. Wannan "zuwa Isha'i" ɗin ni na faɗa, ba wanda ya matsa mini.

Mu huɗu ne 'yan wasa, kwamfuta ɗaya, tsarin karɓa-karɓa: ka yi naka zagayen, ka tashi, na gaba ya zauna. Na kashe cin wasa ta hanyar yaɗa addini tun kafin a fara, don ban shirya zuwa ofishin kowa ba. Dogo ya ɗauki Gilgamesh na ƙasar Sumer. Ɗan Barsa ya ɗauki Sifen, yana kafa gari ya ga an rubuta Madrid, ya rantse ba zai taɓa komai ba sai an canja sunan, muka ɓata minti goma a nan. Ƙanena ya ɗauki Masar saboda dala. Ni kuwa Ciyaman, mai shirya gasa, mai sharhi, alƙalin wasa kuma ɗan takara, na ɗauki Mali da Mansa Musa. Na yi wa jama'a bayani a lasifika cewa ƙasar Mali a wasan nan zinariya ce zalla, ma'adinanta kuɗi suke zubowa, amma duk abin da za ta ƙera, soja ko gini, sai an zaftare mata kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin aiki. Na ce saboda haka ba ƙasar 'yan koyo ba ce. Ku riƙe wannan maganar, don su ma sun riƙe ta.

Mutum sittin da wani abu suka biya suka shiga. Yawancinsu sun zaci wani sabon PES ne, wasan ƙwallon nan na kwamfuta, amma da bindigogi. Aka kashe fitila, majigi ya haska, sai ga fili da ciyawa da wani mutum ɗaya riƙe da kulki. Shekara ta 4000 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam. Na ce yanzu kowa zai zaɓi ilimin da mutanensa za su fara nema, ginin tukwane ko kiwon dabbobi ko haƙar ma'adinai. Wani daga baya ya ce, "Ciyaman, nukiliyar fa?" Na ce tana gaba. Ya ce gaba kamar yaushe? Na yi kamar ban ji ba.

Wanda ya ji shi ne Kawu.

Ba sai na gabatar muku da Kawu ba. Bai biya kuɗin ƙofa ba, ya ce shi da kujerarsa ya zo, kuma kuɗin ai na benci ne. Ya dasa ta a gaba, daidai inda kan hularsa ke tare kusurwar taswira, har ƙanena ya yi zagaye uku bai san yana da teku a kudu ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana hedimasta ba a ce masa matsa. Ya ɗaga hannu kamar a aji ya ce, "Kai ɗan nan, zagaye nawa ake yi wasan ya ƙare?" Na ce, "Ranka ya daɗe, 500 ne, yana ƙarewa a shekara ta 2050." Ya ce kowannenku minti nawa yake ci? Na ce bai wuce biyu ba. Sai ya zaro biro daga cikin hula, ya karɓi kwalin sukari a hannun yaron Mai Shayi, ya duƙufa. Da na san abin da ke tafe da na sa an ƙara wa janareta ƙara. Ya miƙe ya juyo ya fuskanci jama'a, ba ni ba, jama'a, ya ce huɗu sau biyu takwas, takwas sau 500 minti 4000 ke nan, awa 66 da minti 40. "In ba ci ba sha ba salla, za ku tashi ranar Talata da hantsi."

Na ce ai akwai tsarin sauri mai zagaye 250. Ya ce wanne ka sa? Na ce na 500. Ya ce to me ya kawo maganar wancan? Ya zauna.

Kuma abin da ke ƙona mini rai da Kawu, ba lissafin ba ne, lissafi gaskiya ne. Shi ne yadda ya ƙi tafiya. Mutum ya tabbatar wa duniya taronka shirme ne, ai sai ya naɗe kujerarsa ya tafi gida. A'a. Ya zauna har ƙarshe yana gyara mini tarihi. Na ce Mansa Musa ya fi kowa kuɗi a duniya, ya ce wa ya ƙirga? Ya karɓe zancen ya ba da labarin hajjin 1324, yadda ya bi ta Alƙahira yana rabon zinariya har darajarta ta faɗi, aka tafa masa. A tarona, da lasifikata. Sannan ya tambayi dalilin da ya sa sarkin da ya yi mulki bayan shekara ta 1300 yake zaune a zamanin da ba a san tukunya ba. Wannan mutumin ne fa ya zane ni a aji biyar saboda na rubuta Yamai a matsayin babban birnin Mali. Na ɗauka ya manta. Ya faɗa a wurin.

To, sai matsalar da ban hango ba ko a mafarki. Wasan nan rabinsa sirri ne, abin da ba ka leƙa ba hazo ne ya rufe shi, ba ka san inda abokin gaba yake ba. Mu kuma mun haska komai a bango. Sai muka yi doka: in ba layinka ba ne, ka fita teburin Mai Shayi ka jira a kira ka. Amma 'yan kallo sun ga na kowa, kuma ɗan gidan kallo ba a haife shi da rufe baki ba. Kana zama za ka ji, "Masar tana bayan dutsen nan!" "Ɗan Barsa ba shi da soja ko ɗaya, wallahi!" Yara har tallar sirri suka fara a bakin ƙofa, labari ɗaya alawa ɗaya. Yini guda ba a riƙe sirri ko ɗaya a ɗakin nan ba.

Sai guda ɗaya.

Bayan Magariba, wajen zagaye na 24, na samu mai kafa gari na farko da na ƙera da gumina. Wanda bai san wasan ba ba zai gane ba. Zagaye bayan zagaye ina tara masa aiki, ga ragin nan na kashi 30 yana cin rabona, kuma ranar da ya fito sai da birnina Niani ya ragu da mutum ɗaya. Ba ya faɗa, ba ya kare kansa, duk wanda ya taka inda yake ya mallake shi. Kuma ƙasa da awa ɗaya kafin nan na tsaya na yi wa ƙanena wankin babban bargo a lasifika, na ce ba mai tura mai kafa gari ba rakiyar soja sai wanda aka yaye jiya. Sojana ɗaya tilo kuwa yana can yamma yana yawon buɗe ido. Na dubi taswira, na ga wuri mai kyau a gabas, bakin kogi, sahara a gefe, tuddai biyu na ma'adinai. Tafiyar zagaye huɗu. Na ce a raina, wa zai gani?

Kowa ya gani. A zagayen Dogo, ina waje ina kurɓar shayi, ɗan leƙen asirinsa ya hau tudu ya hasko sansanin mutanen dajin nan da kwamfuta ke sarrafawa, waɗanda 'yan kallo suka riga suka raɗa wa suna 'yan daba, saboda kulake da rashin sallama. Suna bayan tudun da zan bi. An ce Dogo bai yi magana ba, juyowa kawai ya yi ya ɗora yatsa a leɓe.

Da aka kira ni na shigo, na tarar da ɗakin tsit kamar ruwa ya cinye su. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, sai na ɗauka sun fara gane daɗin wasan ne. Na ji wani sanyi a raina. Na gyara zama, na ɗauki lasifika, na ce, "Jama'a, yanzu za ku ga bambancin gwani da ɗan koyo." Ba wanda ya yi tari. Na zagaya wurin da kibiyar linzami, na nuna kogi, na nuna tuddai, na ce nan da zagaye hamsin garin da zan kafa a nan zai iya sayen Sifen da Masar da kuɗin aljihu. Wani yaro a gaba ya cusa hularsa a baki, kafaɗunsa na rawa. Na ɗauka sanyin fanka ne. Sai Kawu, a cikin wannan shirun, ya ce a hankali, "Ba rakiya, ɗan nan?" Na yi murmushi na ce, "Ranka ya daɗe, doka ta 'yan makaranta ce. Malami ya san lokacin karya ta." Ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla."

Na matsar da mutumina taku biyu, har gindin tudun. Na danna ƙarshen zagaye. Na miƙe na fita ina ɗaga wa mutane hannu. Ina ɗaga hannu fa, kamar ɗan takarar kansila.

Ban kai teburin Mai Shayi ba na ji kwanon rufi ya amsa. Irin ihun nan da ake yi in an ci Madrid a minti na 90. Ana buga benci, ana "An yi masa ƙwace! An yi masa ƙwace!" Mai Shayi ya dube ni ya ce, "Ciyaman, ashe wasan naka na da kyau." Na ce ai na faɗa muku. Har na ƙara madara. Na zauna ina lissafin ko Ɗan Barsa ne ya yi asara ko ƙanena, ina shirya kalaman ta'aziyya da zan yi masa a lasifika.

Da layina ya zagayo, mutum sittin suka miƙe tsaye suka tarbe ni da tafi. Na duba gabas. Ga mutumina nan da kayansa, lafiyarsa ƙalau, sai dai tutar da ke kansa ta zama ta 'yan daba, suna tasa ƙeyarsa zuwa sansani. Na danna shi, bai amsa ba. Na sake dannawa. Na girgiza linzamin, na busa ƙasansa, na ce kamar waya ta ɗan saki. Ƙanena daga bakin ƙofa, da muryar da uwa ɗaya ta haife mu, ya ce, "Yaya, yaushe aka yaye ka?"

Ina ma a nan ya tsaya. Gilgamesh yana da amalanken yaƙi da jakuna ke ja, tun zagayen farko yana iya ƙera su, kuma Dogo ba abin da ya yi tun La'asar sai tara su. Ya aika biyu suka tarwatsa sansanin, ya ƙwato mutumina, wanda a dokar wasa ya zama nasa. Ya kai shi daidai wurin nan da na zagaya da linzami, bakin kogi, tuddai biyu, ya kafa gari. Sannan ya kira Ɗan Barsa ya nuna masa yadda ake canja suna. Harafi ɗaya-ɗaya ya rubuta, jama'a na karantawa da ƙarfi kamar 'yan makarantar allo: KYAUTAR CIYAMAN. Kawu ya ce a sa babban baƙi a farkon kalma ta biyu. Aka gyara.

Sauran ba wani abu. Bayan Isha'i mutane suka fara zamewa, wasu na neman rabin kuɗinsu tunda ba a kai ga nukiliya ba, ko keken guragu ma ba a ƙirƙiro ba. Amalanken jakuna sun kewaye Niani a zagaye na 41 sai janareta ya yi tari biyu ya mutu. Mai gidan kallo ya ce man da na saya ke nan, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 shi ba ya ba da bashin lita ko ga surukinsa. Da muka raba kuɗin ƙofa, na cire na mai da na kofi, sai ya zama ni ake bi.

Wasan yana nan ajiye a kwamfutata, ban buɗe ba. Dogo ya ce shi ya ci, Ɗan Barsa ya ce ba a busa tashi ba, don haka ba a ba kowa kofin ba. Yana teburin Mai Shayi, cokula yake zubawa a ciki. Kawu kuma kwalin sukarin nan bai yar ba, jiya ma da muka haɗu a masallaci ya ce saura awa 61 da 'yan mintoci, ko in sa rana ya zo da kujerarsa.