Mun Koyi Sana'ar, Ina Wutar?

Na gaji da jin ana cewa mata su koyi sana'ar da za su yi a cikin ɗakunansu. A rediyo ana faɗa, a wajen walima ana faɗa, duk mai neman kujera sai ya faɗa. To mun ji, mun koya. Ni kayan zaƙin Faransa na ɗauka, irin waɗanda na fara ci a Yamai wajen ƙanwar mahaifiyata, na haɗa da saƙa da ɗinkin hannu. Da kuɗin adashi na sayi obin na lantarki da sikeli. Abin da ya gagare ni shi ne wuta, alhali kowane wata sai an karɓi kuɗinta a hannuna.

Wanda bai taɓa yi ba zai ce ai kek kek ne, a kifa tukunya da yashi a kan gawayi mana. Kek ɗinmu na biki yana jure wannan. Ekilar, wato ɗan dogon kek ɗin Faransa mai kirim a ciki, ba ta jurewa. Ƙullinta, wanda Faransawa ke kira shu, ruwa da bota ake tafasawa, a juye fulawa gaba ɗaya, a tuƙa kamar tuwo har ya saki tukunya, in ya sha iska a fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Ba yis, ba hodar tashi. Tururin da ke cikinsa ne kaɗai ke kumbura shi ya bar rami a tsakiya, inda za a ɗura kirim. Don haka yana son zafi wajen digiri 200 wanda bai motsawa, kuma a minti 20 na farko ko ƙofar obin ba a buɗewa.

Maƙwabciyata ta ba ni aikin sunan jikarta. Na jira wuta tun safe, ta zo bayan La'asar, na yi maza na kwaɓa ekilar na jera a faranti. Ina tsugune ina leƙe ta gilashi, sun fara tashi, bayansu ya fara yin ja, sai fankar falo ta tsaya. A kan idona suka yi ta sacewa har suka kwanta shame-shame, ciki ɗanye, waje kamar an gasa. Ƙwai da bota da fulawa duk sun tafi, ba mai biya na. Da kafata na je na mayar wa baiwar Allah kuɗinta. Ta ce, "Haba Maman Amira, ai ba laifinki ba ne." Na san ba laifina ba ne, amma da wata hidimar ta taso a gidan, wajen mai cincin da dubulan ta tafi, kuma ban ga laifinta ba.

Firji ma haka. Kirim ɗin da ake ɗura wa ekilar madara ce da gwaiduwar ƙwai, in ya kwana a zafi ya zama guba, ba zan ba ɗan kowa ba. Kirem burule bayan an gasa shi a cikin ruwan zafi a digiri 150, sai ya yi aƙalla awa 4 a firji kafin a barbaɗa sukari a ƙona samansa. Mil-foyi kuwa, kayan zaƙi mai hawa-hawa, sai a naɗe bota a cikin ƙulli, a murza a ninka uku, har sau 6, abin da ke ba da hawa 729 na bota, kuma tsakanin ninki da ninki sai an mayar firji ya yi sanyi. Bota ta gaske, mai kashi 82 cikin 100 na kitse, tana narkewa tun zafi bai kai digiri 35 ba. Kano a watan Afrilu tana haura 40. Ka sayo ta da tsada, domin daga waje ake kawo ta, ka ajiye a firjin da ya koma akwati, da yamma ka tarar da mai yana malala a takarda.

Na ce to bari in koma kan allura da zare, su ba ruwansu da soket. Ashe da nasu. Yaushe mace mai yara ke samun zama? Sai bayan Isha'i, an yi wanke-wanke, an kwantar da kowa. Lokacin kuma unguwa ta yi dunɗum. Ɗinkin hula ƙirga silin yadi ake yi, in ka tsallake ɗaya zanen ya karkace, sai warwara. Saƙar kwarashi da baƙin ulu ma sai kana ganin idon da za ka soka. Ina jingina waya da kofi, fitilarta na haska cinyata, gumi na ɗiga a kan farin yadi, sauro na cin ƙafata, har cajin ya ƙare. Hular da ya kamata in gama kafin Sallah ta wuce Sallah. Idona yanzu ruwa yake yi da safe.

Duk da haka ƙarshen wata sai ga takarda an soke a ƙofa. Ba mu da mita, ƙiyasi suke yi, kuma ƙiyasin bai taɓa sauka ba. Na tare mai rabon takardar na ce, "Malam, don girman Allah wutar da muka sha ta ina?" Ya ce, "Hajiya, ni aiko ni aka yi." In ba ka biya ba, tsani ne a jikin falwaya. In taransifoma ta ƙone, mu ne da karo-karo gida-gida. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato unguwannin da aka ce za su fi samun wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit, bisa alkawarin awa 20 a rana. Sauran rukunai an ce awa 16, 12, 8, har zuwa 4. Ko awa 4 ɗin nan da za a ba mu a jere, a lokacin da muka sani, wallahi da na tsara aikina a kai. Sai a kawo ta ƙarfe biyun dare, ko a kawo ta ba ƙarfi, ƙwan lantarki na ja kamar garwashi, injin firji na gurnani har ya ƙone. A watan Oktoban 2024 kuwa Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu, duk mai abin sayarwa a firji ta zubar.

Kada wani ya ce min in sayi janareta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, fetur ɗin da zai riƙe obin da firji ya fi ribar da ke cikin faranti, kuma ƙaramin inji ba ya ɗaukar obin. Sola da batir da za su ɗauka kuɗinsu ya fi jarina nesa ba kusa ba. Obin na gas zai gasa, amma ba zai sanyaya bota ba, ba zai haska min allura ba.

Ba tallafi nake roƙo ba, ba kuma taron raba keken ɗinki ba. A sa mana mita mu biya abin da muka sha. A fitar da jadawali unguwa-unguwa a ce daga ƙarfe kaza zuwa kaza, kuma a cika. Ranar da aka saɓa, a rage mana a takardar wata.