Gyaran Gangar Auzinawa

Ba mu kama sunan kowa ba. Amma a garin nan na Dikko akwai mai rumfar da in dattijo ya kai mishi rediyo National ɗin da ya yi shekara arba'in yana jin BBC da ita, da tsaga ɗaya a murfi, sai ta dawo da tabo uku. Ya tsiyaya sufa gulu, ya barbaɗa yashi, ya bi da ƙarfen narka dalma, wai shi injiniya.

Malam, roba ba iri ɗaya ba ce. Kafin komai a ɗiga asiton, sinadarin nan da ke goge jan farce, a auduga, a taɓa cikin murfin inda ido ba ya gani. In wurin ya yi danƙo, irin robar rediyoyin 1970 zuwa 1980 ce, ABS ko danginta, tana narkewa. In ko gezau bai yi ba, kuma jikin na da nauyi, launin goro, wataƙila Bakelite ce ta zamanin rediyo mai kwalba. Ita wuta ba ta narkar da ita, ƙonewa take yi. Wani bai san wannan ba har yau.

A fitar da sifika da allon waya, a wanke tsagar da ruwan sabulu, ta bushe sarai. Sai a huda ɗan rami mai faɗin milimita 1 daidai inda tsagar ta tsaya. Wanda ya tsallake wannan, hunturu na shigowa tsagar za ta ci gaba da tafiyarta ta ƙarƙashin gam ɗinsa.

Mai narkewa, a yanka gutsattsarin roba irinta a kwalba, a zuba asiton ya shanye su har su zama kamar kunu mai kauri. A kankare tsagar ta ciki ta yi ɗan kwari, a matse bakinta da salatif ta waje, a cika. Asiton ko ɗigo kada ya taɓa fuskar rediyon, yana cinye ƙyalli.

Bakelite kuwa sai gam ɗin Araldite mai jinkirin kamawa, tubu biyun daidai wa daida, a ɗora ɗan yankin ragar taga ta ciki. Awa 24 ba taɓawa. Mai minti biyar na masu gaggawar karɓar kuɗi ne.

Gindin sukuru da ya fashe saboda wani ya murɗa da ƙarfin tuwo, a naɗe shi da siririyar wayar tagulla, a shafa wa sukurun basilin kafin gam, don ya fita gobe. In gyara ya bushe, a goge da sanfefa da ruwa: mai lamba 400, 800, sannan 1200.

Farin hazon nan da ke kewaye da tsaga, tururin sufa gulu ne. Daga bakin ƙofa muke gane rumfar da rediyon ta kwana.