Daren da na kashe data senta da yatsa ɗaya daga Mararaba

Ni dai tun farko lalaci ne ya kai ni, gara in faɗi gaskiya. Inda nake aiki a Abuja muna da ɗan data senta, wato ɗakin da ake ajiye manyan kwamfutocin ofis, rak 24 a jere (rak shi ne kantar ƙarfen da ake jera kwamfutocin a ciki), kowane rak da suwic ɗinsa a sama, na'urar da ke haɗa kwamfutocin rak ɗin da netwok, duk na kamfanin Cisco. In aka ce a ƙara wani abu a netwok to sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka shiga wannan ka buga umarni ka fita, ka shiga wancan ka buga ka fita, kamar mai rabon katin biki a unguwa, kafin ka kai na ashirin idonka ya fara ganin bibbiyu ka manta ma ko ka yi na sha tara. Shekara uku ina wannan wahala. Sai na gano Ansible.

Ga wanda bai sani ba, Ansible wata manhaja ce da ta fito a 2012, kamfanin Red Hat ya saye ta a 2015, aikinta ka rubuta mata abin da kake so a fayil ɗaya, ka ba ta jerin sunayen na'urorinka, ita za ta bi su duka ta yi musu. Ɗan aike ne wanda ba ya gajiya, ba ya tsayawa hira wajen mai shayi, kuma ba ya dawo maka da canji a ɓace. Wahalarta ɗaya rubutun YAML, tsarin da ake rubuta mata fayil ɗin da shi, wanda in ka ƙara ɗan fili guda a farkon layi ko ka kuskura ka danna tab sai ya yi fushi ya ƙi aiki gaba ɗaya, wallahi surukata ba ta kai shi saurin ɗaukar magana ba. Na yi sati biyu ina faɗa da fili kafin ya yarda da ni.

Da ya fara aiki kuwa kai na ya kumbura. Aikin awa uku ya koma minti biyu. Na haɗa wani fayil da ke kwafe saitin kowane suwic duk dare ya ajiye a Git, wata ma'ajiyar fayiloli, na ja kwafi a laftop ɗina. A ofis aka sa min suna Injiniya Danna-ɗaya, ni kuma ina amsawa da fara'a. Akwai wani abokin aikinmu da muke kira Dattijo, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, shi har gobe da hannu yake komai, duk sanda na yi alfahari sai ya ce "ƙanena, a dai riƙa sara ana duban bakin gatari." Ni kuma in ce Dattijo zamani ya wuce ku, ku zauna ku huta mu yi muku.

Ranar wata Alhamis Oga ya ce a ƙara sabon bilan, lamba 40, saboda wasu sabobi, wato manyan kwamfutocin da sauran na'urori ke dogara da su, da za a kafa ranar Litinin. Bilan kamar layin mota ne a kan titi ɗaya, waya guda ce amma an raba ta layi-layi, na kuɗi daban, na ma'aikata daban, na shiga a gyara suwic ɗin kansa daban, lambobin suna iya kaiwa har 4094. A kan wayar da ta haɗa kowane rak da babban suwic akwai jerin layukan da aka yarda su wuce. Aikina kawai in ƙara 40 a jerin. Oga ya ce "ka tsaya ka yi kafin ka tashi." Nace Yallaɓai haba, ai wannan daga gida ma zan yi shi da yatsa ɗaya. Dalilina na gaskiya kuwa ina so in riga go-sulo ɗin Nyanya ne, wanda ya taɓa zama a Mararaba ya san in ƙarfe biyar ta same ka a AYA to sai dai ka yi sallar magariba a mota da niyya.

Umarnin da ya kamata shi ne switchport trunk allowed vlan add 40. Ku lura da wannan add ɗin, harafi uku. In akwai shi, ma'anarsa ƙara 40 a kan na da. In babu shi, ma'anarsa kori kowa ka bar 40 shi kaɗai. Suwic ba zai tambaye ka ko ka tabbata ba, ba zai ɗaga gira ba, an ce ya yi ne ya yi. Na san wannan sarai, har na taɓa yi wa wani ɗan bautar ƙasa lacca a kai.

Wajen takwas da rabi na dare ina zaune a tabarma, maiɗakina ta ajiye min tuwon shinkafa da miyar taushe, na buɗe laftop na shiga ofis ta intanet. Akwai hanyar da ake sa Ansible ya gwada a baki kawai ya nuna maka abin da zai canza ba tare da ya taɓa komai ba, akwai kuma hanyar ce masa ya tsaya a suwic ɗaya tukuna. Duka biyun na san su, duka biyun na tsallake, saboda miyar tana hucewa. Na kira ta nace zo ki ga yadda mijinki yake aikin mutum biyar. Ta zo da ludayi a hannu, na ɗaga ɗan ali sama don ta gani da kyau, na danna. Ta ce "shikenan? A kan wannan ake biyanka?" Nace a kan sanin inda za a danna ake biyana. Na miƙe na tafi alwalar isha'i har da 'yar waƙa.

Ansible in ba ka canza masa ba biyar-biyar yake ɗauka. To biyar-biyar ya riƙa yanka su. Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne kwamfutar da Ansible ɗin yake kai tana rak na 24, na ƙarshe a jeri, da ita da ƙofar da nake shiga daga gida. Da a rak na farko take da ya yanke wa kansa hanya tun a biyar ɗin farko ɓarnar ta tsaya nan. Ina! Sai da ya gama da kowa tsaf sannan ya rufe ƙofa da kansa a ciki, ma'aikaci mai amana. Da na tsaya a gaban allon ma da na katse shi, amma ina can ina shafar kai.

Na dawo na tarar allo ja wur kamar an zubar da manja, ga shi ya daskare. Nace ƙila data ce ta ƙare. Na duba, da saura. Sai waya ta fara ruri, Oga. Ban ɗauka ba. Ta sake. Sai Dattijo. Sai wata lamba da ban sani ba. Na buɗe fayil ɗin a laftop na karanta layin a hankali da yatsa kamar ɗan makarantar allo, allowed, vlan, 40. Babu add. Hanjin cikina ya kaɗa, tuwon da ban ma ci ba na ji ya tsaya min a wuya.

Na ɗauki kiran Oga na uku. "Kai, me ke faruwa? Komai ya tsaya." Nace ranka ya daɗe muna kan bincike. Ya ce ku wa? Nace ni da... ni dai. Ya yi shiru irin wanda ya fi zagi ciwo, sannan ya ce "ka ce yatsa ɗaya ko? To ka kawo sauran taran ofis yanzu."

Tunda hanyar nesa ta mutu sai dai a je a jona waya kai tsaye a jikin suwic, da kebul ɗin konsol, wannan shuɗi mai faɗi. Na zazzage jaka babu shi. Nace wa maiɗakina ko kin ga wata waya shuɗiya? Ta nuna min tagar ɗakin yara. Ashe wata biyu kenan shi ke riƙe da labule, ta ce ta ga ba na amfani da shi tunda na zama mai yatsa ɗaya, kuma ya fi igiya ƙwari. Na kwance shi labule ya faɗi, na fita da jallabiya da silifas.

Abu ɗaya da ya yi min daɗi a daren, duk Abuja tana tahowa Mararaba ni kaɗai nake tafiya, ɗaya hannun fitilun motoci jere har Kugbo ba motsi, namu hannun fetal. Na shiga along, tasin nan ta haɗaka, na zauna a baya na rungume jaka ina nannaɗe kebul a hannu ina kwancewa, ina gumi, bakina yana ta motsi. A Nyanya wata mata ta buɗe ƙofa za ta shiga, ta kalle ni, ta kalli wayar da ke hannuna, ta rufe ƙofar a hankali ta ce direba je ka, ba ta sauri. Wato ɗan wan cans ta ɗauke ni, 'yan fashin nan da ke fakewa da motar haya. Ban ga laifinta ba.

A hanya na riƙa lallashin kaina da Facebook. Ranar 4 ga Oktoba 2021 ai su ma umarni ɗaya aka bayar lokacin gyara, manhajar da aka sa ta riƙa tace irin wannan kuskure ita ma tana da nata kuskuren ta bar shi ya wuce, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida duniya gaba ɗaya, sai da aka tura injiniyoyi da ƙafarsu zuwa data senta. Nace to ashe sahun manya na shiga. Sai na tuna su Zuckerberg ne ke biyansu, ni kuma haya ta tana ƙarewa ƙarshen wata.

Na isa, Baba mai gadi yana zaune da rediyonsa da bargo. Na ɗora yatsa a na'urar ƙofa, wannan yatsan dai mai laifi, ta yi ƙara ta nuna ja. Ita ma sai ta tambayi saba kafin ta buɗe, sabar kuma na rufe mata baki. Baba ya ce "ɗana, yau ƙofar ma ba ta san ka ba?" Ya shiga ɗakinsa ya fito da wani tsohon gwangwanin madara, ya zaro makulli na ƙarfe irin na kakanni. Ya buɗe.

Ni haifaffen Jos ne, a Gangare na tashi, kullum ina yi wa 'yan Abuja gorin ba su san sanyi ba. To ɗakin saba da jallabiya ba singileti ya sauke min wannan girman kai cikin minti goma. Na tsuguna gaban rak na farko, na jona kebul ɗin labule, na saita gudun 9600, allo ya kawo, nace Alhamdulillahi. Ya nemi fasiwod. Na sa nawa ya ƙi, domin nawa ma a saba ake tantance shi. Akwai na ko-ta-kwana wanda ke cikin suwic ɗin kansa, dogo mai harafi kusan talatin, wanda ni da kaina na dage a canza aka ajiye shi a ma'ajiyar fasiwod saboda tsaro, na hana Dattijo rubuta shi a bayan kalanda. Ma'ajiyar tana rak na 9. Na kulle ɗaki na jefa makullin ciki ta taga.

Na zauna a ƙasa na dafa kai. Baba ya leƙo ya yafa min bargonsa, ya daɗe yana kallon fitilun nan masu ƙyaftawa, sannan ya ce "ni fa dikodata in ta yi irin wannan taurin kai cire ta nake daga wuta in mayar." Na buɗe baki zan yi masa bayanin cewa Baba wannan ba dikoda ba ce kayan miliyoyi ne, sai maganar ta maƙale. Suwic ɗin Cisco saiti biyu gare shi, wanda yake aiki da shi yanzu da wanda aka adana. In ba a ce ya adana ba, yana mutuwa ya tashi zai koma na da. Ni kuwa adanawa ita ce mataki na biyu a fayil ɗina, kuma Ansible sai ya gama mataki na farko a kan kowa kafin ya shiga na biyu, kafin nan ya riga ya datse wa kansa hanya. Ɓarnar tawa ba ta adanu ba! Nace Baba Allah ya ja da ranka, zo mu yi dikoda.

Na zare wayar wutar na farko, ko gezau, fitila na ta ƙyaftawa. Na manta wuta biyu gare su don ko ɗaya ta ɗauke. Sai muka raba aiki, Baba ya riƙe ɗaya ni ɗaya, in ce bismillah mu zare tare, mu ƙirga goma mu mayar, mu jira mintuna ya gama tashi. Haka muka bi rak 24, Baba har ya ƙware yana ce min "ɗana ka yi saurin mayarwa, bai huce ba."

Duk suka dawo sai na 17. Shi ya tashi da saitin wata bakwai baya, domin wani bawan Allah mai aiki da hannu ya yi ta canje-canje a kansa bai taɓa adanawa ba, ba zan faɗi suna ba amma ya girme ni da shekara goma sha biyar. Nan ne kwafin daren jiya da ke laftop ɗina ya yi rana. Ma'ajiya ta dawo, na ɗauko dogon fasiwod, na riƙa zuba saitin ta kebul ɗin labule kaɗan-kaɗan don in ka juye da yawa lokaci guda haruffa zubewa suke a hanya. Ƙarfe biyu saura komai ya koma kore. Bilan 40 kuwa ban ƙara shi ba, na ma manta da shi, sai da safe Dattijo ya bi su da hannu ɗaya bayan ɗaya yana yi yana kallona yana murmushi.

A mitin ɗin Litinin na yi ƙoƙarin jan hankali zuwa rak na 17, Oga ya ce mu fara daga na 1. Yanzu doka ce, ba a danna komai sai mutum biyu sun karanta, sai an gwada a suwic ɗaya, kuma sai an sa masa agogon da zai sake tashi da kansa bayan minti goma in an rasa shi, abin da na'urorin wani kamfani mai suna Juniper suke da irinsa a cikin umarnin adanawa. Fasiwod ɗin ko-ta-kwana yana cikin ambulan a sef. Suna na ya koma Injiniya Add. Baba kuwa duk safiya in na zo wucewa sai ya rage rediyo ya ce "ɗana, in ta sake ƙi ka kira ni," kuma tun ranar kuɗin shayinsa a wuyana yake.

Da na koma gida ranar Juma'ar da hantsi, ido jawur, ga bargon Baba a kafaɗa na manta ban mayar ba, maiɗakina ta buɗe ƙofa ta kalle ni sama da ƙasa. Na zaci sannu za ta ce. Ta miƙo hannu ta ce "ina igiyar labulena? Rana ta hana yara barci."