Taura Biyu a Bakin Yaro

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mu da muka fara tara iyali, da ku yayye da ake bar wa ƙanne ku duba musu aikin makaranta.

Mu leƙa falonmu bayan Magariba idan an kawo wuta. Talabijin na ta ɓaɓatu ba mai kallonsa. Yaro ya yi rub da ciki a kan littafin lissafi, wayar mamarsa a gefe tana nuna katun, saƙon WhatsApp na shigowa ƙil-ƙil. Baba na can kan kujera yana latsa tasa wayar, yana cewa "ina jin ka, ci gaba." In zango ya ƙare sakamako ya fito, sai mu ce yaron ba ya ja.

Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa. Hankali ma haka yake. Idan abu biyu na bukatar tunani, ƙwaƙwalwa tsalle take yi daga wannan zuwa wancan, kuma duk dawowa sai ta sake laluben inda ta tsaya. Babba ma yana shan wahalar wannan, balle yaro, wanda sashen gaban ƙwaƙwalwarsa, mai riƙe hankali wuri guda, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20.

A shekarar 2009 wasu masana a Jami'ar Stanford ta Amurka, cikinsu har da Clifford Nass, sun gwada ɗaliban da suka saba haɗa kallo da saƙo da sauraro a lokaci guda. An zaci za su fi kowa iya wannan wasa. Ashe su ne suka fi kasa kau da kai daga abin da bai shafi aikinsu ba, har a sauyawa daga aiki zuwa aiki aka bar su a baya. To waɗannan fa 'yan jami'a ne. A 2013 kuma, wani gwaji a Kanada ya nuna ɗalibin da ke yawo a kwamfuta ana lacca makinsa na raguwa, haka ma na wanda ke zaune yana hango allon kwamfutar tasa. Yaya, ka ji naka: TikTok ɗin da kake kallo kusa da ƙaninka mai haddar jadawalin sau, tare kuke kallonsa.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na ƙanana, waɗanda muke cewa "ai ba su san komai ba." A 2008 masana a Jami'ar Massachusetts sun sa yara 'yan shekara 1 zuwa 3 wasa a ɗaki, wani lokaci da shirin manya a talabijin, wani lokaci a kashe. Yaran ba su ma damu da shirin ba, ɗan waige kawai suke yi, amma wasansu ya gajarta, nutsuwarsu ta ragu. Wasa kuwa shi ne karatun ɗan wannan shekaru. Wani binciken na 2017 ya fi ban tausayi. An ba iyaye mata sabbin kalmomi biyu su koya wa 'ya'yansu 'yan shekara 2, sai a kira uwar a waya tana tsakiyar koyar da ɗaya. Kalmar da ba a katse ba yaran sun kama ta, wadda kira ya ratsa kuwa ta wuce su, alhali sun ji ta sau da yawa kamar ɗayar. Nan hankalin uwa ne ya rabu, yaro ya biya kuɗin.

Kuma mun san wannan tun kafin Turawa su auna. Wane malamin allo ne zai karɓi tilawa almajiri na waige-waige? Wa ke yin hadda rediyo na kunne a kansa? Karatun boko ne kawai muka ɗauka zai shiga ko ta halin ƙaƙa.

Ban ce a ƙwace waya a kulle a akwati ba, ni ma da ita nake rubuta wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa jariri kada ya yi kallo sam, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ni ƙarin da zan yi shi ne a raba wa kowane abu lokacinsa. In kallo ne, a zauna a yi kallon, a tambayi yaro me ya gani. In ba mai kallo, a kashe talabijin, ko da yanzu aka kawo wuta. In karatu ne, a kai wayoyi wani ɗaki na minti 30, har da ta Baba, domin yaro ba zai yarda wayarsa ce matsala ba yana ganin taka a hannunka.

Daren farko za a sha rigima da kuka, kai ma hannunka zai riƙa kai wa aljihu. Ka daure, ka zauna kusa da shi har ya gama shafin.