Tafinta Biyu, Bature Ɗaya

(Kasuwar Dawanau, rumfar Alhaji Mai Riɗi. Wani dogon Bature yana tsaye gaban buhuna yana sharce gumi.)

ALHAJI: Kai yaro, wannan kuma wane iri ne? Indiyawa na saba da su, 'yan Sin na saba da su. Wannan fa?

YARO: Direbansa ya ce daga Rasha yake, Alhaji.

ALHAJI: Rasha! Ruga ka kirawo Tanko Ɗan Masko. Ka biya ka taho da Ticha, ko Turanci zai yi rana.

(Tanko ya iso yana baza riga, Ticha a bayansa da biro uku a aljihun gaba.)

TANKO: Alhaji, yau ka kira mai abin. Shekara bakwai na yi da Rashawa a Ajakuta. Ranar da Shagari ya aza harsashin kamfanin ƙarfen nan a 1980, ina wurin.

ALHAJI: Ikon Allah. Injiniya ka yi?

TANKO: Kusan haka. Ni ke dafa wa injiniyoyin shayi a bakin ƙofa.

TICHA: Shi ya sa har yau babbar tukunyar narka ƙarfen ba ta ga wuta ba. Tukunyarka kaɗai ta yi aiki a garin.

TANKO: Hassada ga mai rabo taki. Ku matsa. (Ya dafa ƙirji, ya rusuna.) Ya ni fanimayu!

BATURE: (Ya dube shi sama da ƙasa.) Da. Da.

TANKO: Kun ji ko? Ya amsa har sau biyu.

ALHAJI: Me ka ce masa?

TANKO: Gaisuwar manya ce. Kullum na yi musu magana, abin da suke mayar mini ke nan, babba da yaro. Mutane ne masu ladabi ƙwarai.

BATURE: (Ya nuna buhu.) Skolka?

ALHAJI: Ya fara! Me ya ce?

TANKO: To... wannan Rashancin ƙauye ne, ni na birni na iya. Amma kamar na ji kola.

TICHA: Kola ai fannina ne, Turanci ce. Goro yake so.

ALHAJI: Yaro, kawo masa fari, amma ƙaramin.

(Bature ya karɓi goro yana jujjuya shi.)

ALHAJI: Ticha, shiga ciki. Ɗan Masko ya fara gumi.

TICHA: (Ya gyara biro.) Gud monin, gud aftanun, hawa yu, ayam fayin, tankyu, sidon!

ALHAJI: Kai ka tambaya, kai ka amsa?

TICHA: Don kar a wahalar da baƙo.

BATURE: Sori. Mai Ingilish beri bad.

TICHA: Af! Ya ce Ingilishi mugayen mutane ne.

ALHAJI: Wannan ai kakana ya faɗa tun 1903 da suka shigo Kano. Ka ce masa na yarda, amma siyasa daban, ciniki daban. Yanzu ku matso ku ji. Farashin jiya, ku ninka masa shi biyu. Ku ce sabon girbi ne daga Jigawa. Na baran da ke ƙasan buhu, kar wanda ya ɗaga maganarsa.

TANKO: Alhaji, ƙidayar Rashanci ba a yin ta da tsakar rana. Ƙasar sanyi ce, lambobin narkewa suke yi.

ALHAJI: Kai dai ka ce ba ka sani ba.

TANKO: Ni? Haram! Mantuwa dai, ita ma 'yar kaɗan.

ALHAJI: Ticha, kai fa?

TICHA: Na iya har tuwanti. Daga nan aka tafi yajin aiki.

ALHAJI: Inna lillahi! Ciniki ya zo har ƙofa, na tara ƙattai biyu, ba mai iya ce wa mutum kawo kuɗi.

BATURE: Alhaji, in ka ninka, ni kuma sai in raba biyu, mu koma inda muka taso. Na baran kuma a juye shi a tabarma in gani.

(Shiru. Biro ɗaya ya faɗo daga aljihun Ticha.)

ALHAJI: A'uzubillahi! Wa ya yi magana?

YARO: Baturen ne, Alhaji.

BATURE: A jami'a na karanta Hausa, a Masko. Tun zamanin Tarayyar Sobiyet ake koyar da ita can, Rediyon Masko ma ya yi sashen Hausa.

ALHAJI: To don Allah me ya hana ka magana tun ɗazu?

BATURE: Na buɗe baki zan yi sallama ka aika a kirawo tafinta. Da wannan bawan Allah ya iso kuma, abin da ya fara ce mini shi ne, "Ban gane ba." Na ce gaskiya ne, na ga alama.

TICHA: Shekara bakwai, Tanko! Shekara bakwai suna ce maka ba su gane ba, kana rusunawa!

TANKO: Kai kuma da ka haɗa shi faɗa da Ingila fa?

BATURE: Ni cewa na yi Turancina ba shi da kyau. Da na ji na Malam Ticha sai hankalina ya kwanta.

ALHAJI: Ranka ya daɗe, zancen ninki wasa ne, irin na kasuwa. Yaro, shimfiɗa darduma, ka canza masa goron nan da babba.

TANKO: To Alhaji, tunda ciniki zai faɗa, sai maganar la'adarmu. Mu biyu ne, ka sani.

ALHAJI: Me ka ce?

TANKO: La'ada, Alhaji. Kuɗin tafinta.

ALHAJI: (Ya dafa ƙirji, ya rusuna.) Ya ni fanimayu.