An cinye mana firim, mu takwas

Jiya bayan la'asar na shiga buron daraktan kamfanin da nake yi wa aiki shekara 6, na fito jikina na rawa.

Mu 8 ne rukunin da ke kai shinkafa da taliya da man girki shaguna, daga unguwannin Ali Ɗan Sofo da Zariya na Maraɗi har Tibiri da Tasawa. Farkon shekara aka tara mu aka ce daga yau firim, wato kuɗin ƙari kan albashi, na rukuni ne, in mun cika adadi a raba mana tare. Aka ce mu za mu tsara hanyarmu, mu za mu zaɓi wanda za a ba bashi. Mun yarda, mun zage damtse. Azumi a bakinmu muka riƙa sauke buhu cikin rana, har muka zarce adadin.

Na yi sallama. Bai ɗaga kai daga wayarsa ba, bai ce in zauna ba.

"Ranka ya daɗe, zancen firim ɗinmu ne ya kawo ni."

"Wane firim? Ba ku aka cinye wa bashi a Tasawa ba?"

"Alhaji, wannan bashin mun hana shi. Ɗanka ne ya kira direba ya ce a sauke kayan."

Sai da ya kurɓi shayi, ya aje kofin a hankali, sannan ya dube ni.

"Malam, da wa ka rubuta takarda? In ka gaji, ga ƙofa. Masu digirin lisans na nan waje suna roƙon gurbinka."

Ni da furfura a gemu! Ashe riba in ta zo ta gidansu ce, asara kuwa ta rukuni. An ɗora mana nauyi, an riƙe iko, yanzu har yaran sun fara hararar direba kamar shi ya ci kuɗin.

Lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya a 2023, kaya suka tsaya a Ɗan Isa, rabin albashi muka amsa wata da watanni ba mu ce uffan ba. Gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa jika 42, to wa ke zagayawa ya duba ko ana biya? Ƴan lodinmu ko rajistar CNSS, asusun inshorar ma'aikata, babu, in buhu ya karya mutum sai dai danginsa. Mu talakawa kuma kullum "a yi haƙuri, Alhaji ne", in ka buɗe baki a ce ka yi butulci.

Yau da asuba ƙaramin cikinmu, mai shirin aure bayan Sallah, ya tare ni bakin sito yana tambayar yadda muka yi. Na rasa abin ce masa.